Mikro-ARN: aikinsa a jiki, inda maganar magani ta tsaya, da yadda za a auna shi a Damagaram

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Damagaram, ina karatun ilimin halittu, ina kuma koyon aiki a ɗakin awon jini. Tun da aka ba da kyautar Nobel ta 2024 nake ta jin maganar mikro-ARN. Mene ne aikinsa a jiki? Da gaske ne ana magani da shi? Ina son in yi aikin kammala karatuna a kan auna shi cikin jinin yara masu amosanin jini. Zai yiwu a nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa karatu albarka.

Zai yiwu, amma ki sani tun yanzu jinin da kika zaɓa yana cikin waɗanda suka fi ruɗin mai awon mikro-ARN, kuma dalilin ba zai fito miki ba sai kin san yadda abin yake aiki. Daga can za mu ɗauko. Zan riƙa cewa ARN da ADN kamar yadda kuka koya a lakkwal. Waɗanda suka yi boko da Ingilishi su ke kiransu RNA da DNA.

ADN ɗin da ke cikin ƙwayar hantarki shi ne dai cikin ƙwayar idonki, kowace da ƙwayoyin gado masu haɗa furotin kusan 20,000. Abin da ya raba hanta da ido shi ne wace ƙwayar gado ake karantawa, kuma furotin nawa ake samu daga gare ta. ADN ba ya barin cibiyar ƙwaya. In ana son furotin, sai a kwafo saƙon a kan ARN manzo, manzon ya fito ya kai wa ribozom, ribozom ya karanta ya haɗa. Shi kuwa mikro-ARN ɗan guntun ARN ne mai haruffa 22 ko kusa da haka, ba a haɗa furotin ko ɗaya da shi. Aikinsa ya tare manzo a hanya.

A jikin wata ƴar tsutsar ƙasa mai tsawon milimita 1 aka fara ganinsa, wadda masana ke kira C. elegans. A 1993 ɗakin binciken Victor Ambros a Amurka ya gano cewa ƙwayar gadon lin-4, wadda in ta lalace tsutsar ke ta maimaita ƙuruciyarta, ba furotin take bayarwa ba, ɗan ARN ne mai haruffa 22. A shekarar nan dai Gary Ruvkun ya nuna cewa guntun yana manne wa wutsiyar manzon wata ƙwayar gado mai suna lin-14 ya hana a haɗa furotin ɗinsa. Shekara bakwai ana yi wa abin kallon al'adar tsutsa kawai, sai a 2000 ɗakin Ruvkun ya samo na biyu, let-7, aka duba aka tarar yana jikin ƙuda da kifi da mutum. Su biyun aka ba Nobel ɗin da kika ji, ranar 7 ga Oktoba 2024.

Ga yadda jiki ke ƙera shi. Polimeraz na II, wanda ke kwafo manzanni, shi ke kwafo doguwar uwar mikro-ARN. Wani sashe nata yana lanƙwashewa ya manne wa kansa, kamar igiyar da aka ninka biyu aka murɗe ta bar ɗan zobe a ƙarshe. Tun cikin cibiya inzam Drosha, wato furotin mai yankan ARN, da abokin aikinsa DGCR8 suke datse ninkin daga gindi, ya rage haruffa 60 zuwa 70. Exportin-5 ya fitar da shi waje, Dicer ya sare zoben, a samu zare biyu manne da juna. Sai furotin Argonaute ya karɓa, ya riƙe zare ɗaya ya yar da ɗaya. Shi ya sa kike ganin 5p ko 3p bayan suna, kamar miR-23a-3p: yana gaya miki daga wane hannun ninkin zaren ya fito. Kada ki aika a sayo miki sinadari ba ki rubuta wannan ba, don 5p da 3p uwarsu ɗaya amma haruffansu daban, aikinsu daban.

Mikro-ARN ɗan jagora ne kawai, ƙarfin yana hannun Argonaute. Kuma ba duk haruffan 22 ne ke neman manzo ba. Daga na 2 zuwa na 8 su ne haƙoran makullin. In sun dace da wani wuri a wutsiyar manzo, wato sashen da ke bayan inda ribozom yake tsayawa da karatu, sai Argonaute ya kira TNRC6, shi kuma ya jawo CCR4-NOT, su gutsire jerin haruffan A da ke ƙarshen wutsiyar. Manzon da aka yi wa haka ba ya daɗewa ake rusa shi, kafin nan ma an rage karanta shi.

Yi wannan lissafi da kanki. Haruffa iri huɗu ne, gurbi bakwai: 4 sau kansa har bakwai ya ba da 16,384. Ke nan ko da dacen banza, duk haruffa dubu 16 za ki ci karo da wurin da ya yi daidai da haƙoran, alhali wutsiyoyin manzannin mutum in aka haɗa su miliyoyin haruffa ne. Saboda haka mikro-ARN guda yana taɓa manzanni ɗaruruwa, kuma an ƙiyasta fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙwayoyin gadonmu masu haɗa furotin akwai hannun wani daga cikinsu a kansu. Sai dai taɓawar ba ta da nauyi. Galibi furotin ɗin ba ya raguwa ko da rabi. Ba ruwa yake zuba wa wuta ba. Mai tuwo ce ke janye itace ɗaya daga murhu don kada gindin tukunya ya kama, illa dai ita wannan da hannu ɗaya take janyewa daga murhu ɗari uku. Ki riƙe wannan, don kusan duk wahalar da masu magani suka sha daga nan ta fito. Haka nan jerin sunayen manzannin da manhajar TargetScan za ta ce mikro-ARN ɗinki yana taɓawa hasashe ne, ba hujja ba. Rumbun miRBase ma yana da sunaye fiye da 2,600 na mutum, amma MirGeneDB, wanda ya fi tacewa, ƙwayoyin gado wajen 550 kaɗai ya yarda da su. Ki zaɓi naki daga cikin tatattun.

A ɓangaren cuta, ƙofar ta buɗe a 2002, lokacin da George Calin da Carlo Croce suka duba wani yanki na kuromozom 13 da ke ɓacewa a wani nau'in sankarar jini ta manya mai tafiya a hankali. An daɗe ana neman furotin a wurin ba a samu ba, ashe miR-15a da miR-16-1 ne ke zaune nan. Su ke rage BCL2, furotin mai hana ƙwaya mutuwa; in babu su, ƙwayar da ya kamata ta mutu sai ta yi ta rayuwa. Wasu kuma yawa suke yi, kamar miR-21 a sankara iri-iri. Harafi ɗaya tak in ya canza a haƙoran miR-96, kurumta ce ta gado mai ƙaruwa da shekaru.

A 2008 aka tabbatar cewa suna yawo cikin ruwan jini ba su lalacewa da wuri, daga baya aka gano mafi yawa a rungume suke cikin Argonaute, wasu cikin ƴan ƙananan jakunkunan da ƙwayoyi ke saki. Daga nan rubuce-rubuce dubbai suka fito, kowa da nasa mikro-ARN mai gano cuta kaza. Waɗanda suka kai gadon asibiti ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne miR-371a-3p a sankarar gwaiwa: yana kama wajen tara cikin goma na masu cutar, yana kuma faɗuwa da sauri bayan an cire ƙarin, ko da yake nau'in teratoma yana kuɓuce masa. Lura da sirrin nasararsa: jinin mai lafiya kusan babu shi sam, don ƙwayoyin jini ba sa yin sa. Babu hayaniyar da za ta danne muryarsa.

Magani kuwa dabara biyu ce. In mikro-ARN ya yi yawa, a ƙera zare kishiyarsa ya manne masa ya ɗaure shi. In ya yi kaɗan, a ƙera kwaikwayonsa a zuba. Na farkon da aka gwada a mutane shi ne miravirsen, mai ɗaure miR-122. Wannan miR-122 shi ne kusan kashi 70 na mikro-ARN ɗin hanta, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in C ba ta hayayyafa sai ta jingina da shi. A gwajin da aka wallafa a 2013, mutum 36 suka shiga, allura biyar mako-mako, kuma a babban ma'auni ƙwayar cutar ta ragu har ninki dubu. Ya yi aiki, lokaci ne bai ba shi ba: a ƙarshen shekarar aka amince da sofosbuvir, daga bisani ƙwayoyin haɗiya suka riƙa warkar da fiye da kashi 95 cikin mako 8 zuwa 12. Wa zai zaɓi allura? RG-101, wanda ya bi sahunsa, shawara ya sa wa wasu aka dakatar da shi.

Mafi muni shi ne MRX34, kwaikwayon miR-34a da aka naɗe cikin ƴan ƙwallayen maiƙo don masu sankara. An fara a 2013, aka rufe a 2016 bayan garkuwar jiki ta harzuƙa mutum huɗu suka rasu. Jiki yana yi wa baƙon ARN mai zare biyu kallon ƙwayar cuta, kuma abin da ke taɓa manzanni ɗaruruwa cikin ƙari yana taɓa su cikin fararen ƙwayoyin jini ma. Garin neman gira aka rasa ido. Lademirsen, mai ɗaure miR-21 a wata cutar ƙoda ta gado, an tsayar da shi a 2022 don bai nuna amfani ba. Akwai waɗanda ke kan gwaji, kamar CDR132L don gazawar zuciya, amma har aka ba da Nobel ɗin nan babu maganin mikro-ARN ko ɗaya da wata babbar hukumar magunguna ta amince da shi. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce mikro-ARN ɗin zogale ne mai gyara ƙwayoyin gado, ki bar shi da kayansa. Iƙirarin da aka yi a 2012 cewa na shinkafa yana shiga jini ya yi aiki a hanta, wasu ɗakunan bincike sun gwada ba su samu haka ba.

Ɗan'uwansa ne ya ci riba, wato siARN, wanda ake ƙerawa ya dace da manzo guda harafi da harafi, Argonaute ya yanka shi gida biyu. Injin ɗaya ne, amma murhu ɗaya yake nufa. An amince da patisiran a 2018, sannan inclisiran mai rage mugun kitsen jini da wajen rabi, allura duk wata shida bayan biyun farko. Kusan duk hanta suke nufa, don an samu wani sukari, GalNAc, da ƙwayoyin hanta ke cafkewa su haɗiye da duk abin da aka ɗaura masa. Sauran gaɓoɓi ba a samu makulli mai kyau irin wannan ba tukuna.

Amosanin jini kansa yana da rabo a nan. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da cibiya, amma cike suke da mikro-ARN, musamman miR-451a, da miR-16, da miR-144. Masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka sun nuna a 2010 cewa masu amosanin da miR-144 ya fi yawa a ƙwayoyinsu sun fi ƙarancin jini, don yana danne NRF2 mai kare ƙwaya daga lalacewa. A 2012 suka nuna miR-451 da let-7i sun fi yawa a ƙwayoyin masu himogulobin S, wato na amosani, kuma suna kutsawa cikin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro su rage mata girma. A asibitin yara na Boston kuma aka ari gangar jikin mikro-ARN aka ɗora mata zaren da ke danne BCL11A, furotin da ke kashe himogulobin ɗin jarirai, wato himogulobin F, bayan haihuwa. Mutum shida aka ba da rahotonsu a 2021, himogulobin F ya hau zuwa tsakanin kashi 20 da 41. Sai dai aiki ne na ciro ƙwayoyin ɓargo, a gyara su, a share tsofaffin da magani mai ƙarfi, a mayar. Yaron da ke gabanki yau, maganin hidroksiyuriya ne mai ɗaga masa himogulobin F.

To, mu zo ɗakin awo, inda gizo ke saƙa. A 2012 wasu masu bincike suka tattara mikro-ARN 79 da aka ce alamun sankara ne a jini, suka tarar 46 daga ciki ƙwayoyin jini ne ke yin su da yawa, kuma sauyin yawan ƙwayoyin ko fashewar jajayen kan canza ma'aunin wasu har ninki 50. Wato mutane da yawa sun zaci ƙari suke aunawa, ashe kwalbarsu suke aunawa. Abin tsoro a garinku ba lalacewar mikro-ARN ba ne. Da zarar an raba ruwan jini da ƙwayoyi, yana jure yini guda a ɗaki da narkewa sau da yawa. Abin tsoro shi ne awowin da jini ke zaune da ƙwayoyinsa cikin zafin Afrilu da Mayu, sama da digiri 40, suna yoyo cikin ruwan.

Kwalba mai murfi shunayya za ki ɗauka, ta EDTA. Ban da mai koren murfi, don heparin yana bin ARN har ƙarshe ya shaƙe PCR, wato awon da ke ninka ADN don a ƙirga shi, ki samu sifili ki ce babu. Mai jan murfi tana ba da ruwa bayan jini ya daskare, kuma lokacin daskarewar filaket, wato ƴan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ke zubar da nasu ARN, don haka kada ki gauraya iri biyun a bincike ɗaya. Allura lamba 21 in jijiyar yaro ta yarda. Siririya da ja da ƙarfi suna fasa ƙwayoyi. Ɗaurin hannu kada ya wuce minti 1. In da sirinji aka ɗiba, a cire allurar kafin a zuba a kwalba, a hankali ta jikin bango. Mililita 2 zuwa 3 sun isa, yaran nan ba su da jinin ɓarnatarwa. Ki kifa kwalbar ki tayar sau 8 zuwa 10, ban da girgizawa. Ki sa ta a sanyi, amma kada ta taɓa ƙanƙara kai tsaye, don jinin da ya zama ƙanƙara ya fashe ke nan. Ki rubuta lokacin ɗiba da lokacin juyawa a kan kowace, kuma kada tsakaninsu ya wuce awa 2.

Juyi biyu ake yi. Na farko 1,900 g minti 10. Lura, g na ce, wato ƙarfin jan da injin ke yi, ba juyi a minti ba. Lissafin shi ne 0.00001118 sau tsawon hannun injin a santimita sau juyin a ninka shi da kansa. Injin mai hannu santimita 15 a juyi 3,000 yana ba da wajen 1,500 g, mai santimita 10 kuwa 1,000 g kawai. Ɗakuna biyu za su ce duk 3,000 suka yi, amma filaket ɗin da suka bari ba ɗaya ba ne. Ki ɗebe ruwan sama ki bar kamar rabin santimita bisa farin layin tsakiya, kada kwaɗayin ƙarin ɗigo ya ja ki. Na biyu 16,000 g minti 10 a ƙaramin inji. In ba ku da shi, 2,500 g minti 15 sau biyu, amma duk samfuran su bi hanya ɗaya. Wanda ya tsallake juyi na biyu ya daskarar, filaket ɗin za su fashe a firiza, babu kuma mai iya cire abin da suka zuba. Ki raba ruwan mikrolita 250 a kowace ƴar kwalba. Digiri 80 ƙasa da sifili shi ne wurin ajiya na gaskiya. 20 ƙasa da sifili yana riƙe ƴan makonni in firizar ba ta narkewa. Don ki san ko wuta ta ɗauke da dare, ki daskarar da ruwa rabin kwalba, ki kifa ta ki ajiye kusa da samfuran: in kika tarar ƙanƙarar ta sauko, sun narke sun sake daskarewa.

Sauran aikin yana son injin PCR mai ƙirga wanda ke karɓar sinadaran da kika haɗa da kanki. GeneXpert ɗin awon tarin fuka ba zai yi ba, ƙwansonsa a rufe yake zuwa. In ba ki samu a kusa ba, sai babban ɗakin bincike irin CERMES a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, samfuran a daskare cikin akwatin sanyi. Ki daidaita da su kafin ki ɗibi jinin farko, ba bayan kin tara ba.

Wurin tsamo ARN, ga ma'aunin da aka saba da kayan miRNeasy: ruwan jini mikrolita 200, QIAzol, wato ruwan fenol mai narkar da samfur, 1,000, a bari minti 5. Sai yanzu ake zuba ɗan shaida, wato cel-miR-39 na tsutsar nan, wanda mutum ba shi da shi, daidai wa daida a kowace kwalba, don a san nawa ya salwanta a hanya. In kika zuba shi kafin QIAzol, inzam ɗin ruwan jini za su cinye shi nan take, don shi tsirara yake, ba Argonaute a jikinsa. Kuloroform 200, girgiza daƙiƙa 15, juyi 12,000 g minti 15 a digiri 4, a ɗebe ruwan sama wajen 600 ba tare da an taɓa farin tsakiya ba. Etanol tsantsa ninki ɗaya da rabi na abin da aka ɗeba. In etanol ya gaza, ko ya sha iska a kwalbar da ba ta rufu ba, ƙananan ARN ba za su kama matatar ba, su bi ruwan wanki. A ƙarshe a sauke da ruwa mikrolita 14. Fenol da kuloroform guba ne, sai ƙarƙashin mazuƙar iska da safar hannu. Kada ki wahalar da kanki da NanoDrop, na'urar auna yawan ARN da haske, abin ya yi masa kaɗan, ragowar fenol zai karanta miki. A ɗauki mikrolita iri ɗaya daga kowane samfur.

Haruffa 22 sun yi wa PCR gajarta, dole a tsawaita su lokacin mayar da su ADN, ko da zaren somi mai lanƙwasa irin na TaqMan, ko a ɗaura musu wutsiyar A. Injin yana yin zagaye 40 ya ba ki lamba, Cq, wato zagayen da haske ya bayyana. Ƙaramar lamba, abu mai yawa. Bambancin 1 ninki biyu ne, 3.3 ninki goma. Abin da ya haura 35 kada ki gina magana a kansa. Kowane faranti ya kasance da ramin ruwa zalla. In ya yi haske, gurɓata ta shiga. Abin kwatance kuma, wato ARN ɗin da ake daidaita sauran da shi, ki guji U6, don ɗan cibiya ne, ba ya zama daidai a ruwan jini. Ki guji miR-16 duk da za ki gan shi a rubuce-rubuce da yawa, don daga jajayen ƙwayoyi yake fitowa.

Yanzu ga matsalarki ta musamman. Yadda ake gane samfurin da ya fashe shi ne a auna hasken da yake sha a nanomita 414, sama da 0.2 abin zargi ne, ko a ɗebe Cq na miR-451a daga na miR-23a-3p: ƙasa da 5 lafiya, sama da 7 a yar. Ido ba ya isa, ma'auni yana karkata tun ruwan bai yi ja ba. Wannan doka an yi ta ne don mutanen da jininsu ba ya fashewa a jijiya. Jar ƙwayar mai lafiya tana kwana 120, ta mai amosani 10 zuwa 20. Nasa jinin a fashe yake tun kafin allurarki ta taɓa shi, ga bilirubin mai rikita awon haske. In kika bi dokar, yaran da suka fi jin jiki za ki zubar. In kika ƙi bin ta, za ki samu miR-451a ya yi sama ki ce kin gano alama, alhali abin da LDH, inzam ɗin da ke hawa in ƙwayoyi sun fashe, da ƙirgen retikulosit, sababbin jajayen ƙwayoyi, ke faɗa da araha ne kika maimaita da tsada. Zazzaɓin cizon sauro ma haka yake fasa su.

A ganina mafita biyu ce. Ko ki zaɓi mikro-ARN da ba jini ke yin sa ba, kamar miR-122, ki tambaya ko yana nuna wahalar hanta a yaran da aka yi wa ƙarin jini da yawa, ki jera shi da awon ALAT na hanta da feritin na taruwar ƙarfe. Ko ki bar ruwan ki koma kan jajayen ƙwayoyin kansu: a cire ruwa da farin layi, a wanke sau uku da ruwan gishiri na kashi 0.9 cikin 100, a tace fararen ƙwayoyi in da matata, don ƙwayar fari ɗaya ta fi ja ɗaya ARN nesa ba kusa ba. Nan ma da tarko. Retikulosit, wato sababbin ƙwayoyi masu ARN da yawa, kashi 1 zuwa 2 ne a mai lafiya, a mai amosani kuwa suna haura 10. Kwatanta SS, masu amosani, da AA, masu lafiya, sai ya zama kwatanta yaro da tsoho. Ya fi ki kwatanta masu SS da junansu, masu yawan kwanciya asibiti da masu ƙarancinta, ki sa retikulosit cikin lissafi. Akwai kwalbar PAXgene mai ɗaukar jini mililita 2.5 ta kashe komai nan take, tana jure kwana 3 tsakanin digiri 18 da 25, kwana 5 a firji. Amma jini gaba ɗaya take riƙewa, kuma ɗakin Damagaram ba digiri 25 ba ne.

Kowane yaro ki rubuta masa shekaru, himogulobin, filaket, fararen ƙwayoyi, retikulosit, LDH, bilirubin, sakamakon gwajin zazzaɓi na ranar, ko yana shan hidroksiyuriya, ko yana cikin tashin ciwo, da ranar ƙarin jininsa na ƙarshe. Wanda aka ƙara wa cikin wata uku ki ware shi, wani kaso na ƙwayoyin da ke jikinsa na wani ne. Rukunonin biyu a ɗebe su lokaci ɗaya; in marasa lafiya na Satumba ne masu lafiya na Maris, damina da rani kika kwatanta. Wurin tsamowa da kan faranti ma a cakuɗa su. Ki tsayar da mikro-ARN uku ko huɗu a rubuce tun farko, don wanda ya gwada 100 zai samu wajen biyar da suka yi kamar sun bambanta ko da babu komai. Izinin kwamitin ɗa'a na binciken lafiya da yardar iyaye, da Hausar da za su fahimta, su ke gaba da allura.

Kafin ki taɓa jinin yaro ko ɗaya, ki nemi babba mai lafiya ya ba da kwalba huɗu a zama ɗaya. Ki juya ta farko bayan minti 30, ta biyu bayan awa 2, ta uku awa 6, ta huɗu washegari, duk suna ajiye inda kwalaben ɗakinku suka saba zama. Ki auna miR-451a da miR-23a-3p da miR-16 a kowace. Inda tazarar Cq tsakanin miR-451a da miR-23a-3p ta fara buɗewa, nan ne iyakar lokacin ɗakinku, kuma shi za ki rubuta a takardar aiki ko da ya gaza awa 2 ɗin da na faɗa.